Likita ya ce a yanke wa karena ƙafa saboda ciwon daji, ku ba ni shawara

Manomin_Fadama_BK:
Assalamu alaikum 'yan gida. Na daɗe ina karanta muhawarar zauren nan ban taɓa saka baki ba sai yau, kuma don Allah wanda zai yi dariya ya yi ta a ransa. Ina da kare sunansa Barsu, shekararsa takwas, uwarsa 'yar gida ce ubansa kuma irin manyan nan na 'yan sanda, shi ya sa ya yi girma sosai. Marigayi babanmu ne ya karɓo shi yana ɗan kwikwiyo ya kai shi lambunmu na fadama, shi ke gadin injin ban ruwa da awaki da albasa idan an tara ta a rumfa, tun da yake wurin ko tiyo ba a taɓa ɗauke mana ba. Wata uku da suka wuce ya fara ɗingishi da ƙafar gaba ta hagu, na ɗauka ƙaya ce na duba ban ga komai ba, sai wajen ya kumbura daidai saman wuyan ƙafar, kumburi mai tauri kamar dutse. Na kai shi wajen wani mai ɗori ya ce targaɗe ne ya ɗaure da kara, kare ya kwana yana kuka muka kwance. Wani mai kemis ya ba ni diklofenak ya ce in riƙa saka masa a tuwo, kwana huɗu ya fara amai, kashinsa ya koma baƙi, na tsaya. Daga baya likitan dabbobi a nan Birnin Kebbi ya ce in kai shi Sakkwato a ɗauki hoto, na ɗauki shatar mota muka je. Hoton ya nuna ƙashin ya zama kamar itacen da gara ta ci, suka tsotsi wani abu da allura suka duba, suka ce ciwon daji ne na ƙashi. Hoton ƙirji bai nuna komai ba tukuna. Zaɓi biyu suka ba ni, ko a cire ƙafar gaba ɗaya, ko a riƙa ba shi maganin rage zafi har ranar da abin zai gagara a yi masa allurar hutu. Kuma sun faɗa min gaskiya cewa yankewar ba warkewa ba ce. Yayana ya ce na haukace, Inna ta ce daji ba ya son ƙarfe. Ni kuma yau kwana biyar ban yi barcin kirki ba. Tambayata, yanke masa ƙafar nan tausayi ne ko zalunci? Akwai wanda ya taɓa gani?

UmmuKhairat:
Wa alaikumussalam. Allah sarki Barsu, Allah ya ba shi sauƙi. Ba abin dariya a nan wlh, sabo ake yi wa kuka.

Kabawa_Boy:
Hhhhh duniya ina za ki da mu, kare har da shatar mota zuwa Sakkwato. Malam mutane na kwance asibiti babu kuɗin ƙarin ruwa kai kana zancen tiyatar kare. Ka kai shi daji ka sako shi, ka nemi wani kwikwiyon, kyauta ma za a ba ka

Dan_Argungu:
@Kabawa_Boy mutum ya ce wanda zai yi dariya ya yi a ransa, kai ne na farkon buɗe baki. Kuɗinka ya ranta?

Kabawa_Boy:
Gaskiya ce ba a so

Dokta_Na_Dabbobi:
Sannu da ƙoƙari malam Manomi. Ban ga karen ba, don haka maganar waɗanda suka duba shi ita ce gaba da tawa, amma bayaninka ya yi daidai da abin da muke kira ostiyosakoma. Shi ne mafi yawa cikin dajin ƙashi na karnuka, ya fi kama manya masu nauyi da suka fara tsufa, kuma wurin da ka ce, saman wuyan ƙafar gaba, yana cikin wuraren da ya fi so. Abin da nake so ka fahimta shi ne zafin. Ciwon nan daga cikin ƙashi yake ci, maganin sha ba ya iya danne shi na dogon lokaci, kuma ƙashin yana yin rauni har wata rana ya karye don kansa, kare na tafiya kawai ko ya yi ɗan tsalle. Irin wannan karaya ba ta ɗoruwa. Don haka yanke ƙafar ba don a kashe dajin ba ne, don a cire tushen azabar ne.
Sai ɓangaren da ba daɗi. Kusan tara cikin goma na karnukan da aka gano suna da shi, ciwon ya riga ya aika 'ya'yansa huhu, sun yi ƙanƙantar da hoto ba ya ganinsu. Idan yankewa kaɗai aka yi, matsakaicin abin da suke ƙarawa wata 4 zuwa 5 ne. Idan aka haɗa da allurar kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, irin su kabofilatin, yakan kai wata 10 zuwa 12. Matsakaici na ce, wani ba ya kaiwa wani ya wuce.
Sannan don Allah jama'a, diklofenak da ibufurofen na mutane ba na kare ba ne, suna ɓula masa ciki su taɓa ƙoda. Baƙin kashin nan da ka gani jini ne. Ka tabbata ka faɗa wa masu aikin ya sha, da yawan kwanakin.

Manomin_Fadama_BK:
Na gode dokta. Na faɗa musu, sun ce za su auna jininsa kafin komai. Wata 4 zuwa 5 ɗin nan ita ta tsaya min a wuya. Zai iya tafiya ma kuwa da uku, ga shi ƙato?

Dokta_Na_Dabbobi:
Ka lura da shi yau da yamma, ƙafa nawa yake takawa? Ina kyautata zaton tuni da uku yake tafiya, ta huɗun kaya ce kawai yake ɗauke da ita. Gaskiya ne ta gaba ta fi wuya, don kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin kare a ƙafafun gaba yake, shi ya sa sai an duba sauran ukun da kyau, idan akwai ciwon gaɓɓai ko ƙiba ta yi yawa lissafi ya canza. Amma galibinsu cikin kwana ɗaya zuwa biyu suke miƙewa.

Sarkin_Dawa_Yauri:
Yaro bari in gaya maka abin da nig gani da idona. Shekara talatin ina hwarauta. Ina da wata karya da muke kira Ƙyale-su, gyado yat tsage mata ƙahwar baya, wurin yar ruɓe har ƙahwar tak kai ga cirewa. Kowa yac ce ta ƙare. Wallahi bayan damina guda tana bin zomo da ƙahwa uku, ba ta kamawa kamar da amma ita ka hwara jin wari ta tada shi sauran su kama. Shekara huɗu tay yi bayan nan. Kare bai san kunyar gurgunta ba, mu mutane mu ka da wannan. Shi dai in ciwo ya bar shi, ya samu abinci ya ga mai shi, to ya gama.

Dan_Argungu:
Baba Sarki wannan zance ya shige ni. Amma fa ita taka rauni ne, nashi daji ne, ba ɗaya ba

Sarkin_Dawa_Yauri:
Awo na sani. Tahiya da uku yat tambaya, ita nib ba shi amsa. Sauran na dokta ne.

Abu_Sumayya01:
Ni tambayata daban ce. Shin ma ya halatta musulmi ya ajiye kare har ya riƙa kashe masa dukiya haka? Ba najasa ba ne? Kuma an ce kullum ana rage wa mai shi lada. Malamai ku yi magana kafin a ci gaba da ba shi ƙwarin gwiwa.

Almajirin_Gwandu:
Malam Abu Sumayya hadisin rage lada ingantacce ne, amma ka karanta shi har ƙarshe, an togace karen farauta da na kiwo da na gona. Wannan bawan Allah ya ce karen yana lambu yana gadin awaki da amfanin gona, to ya shiga togaciyar ta ƙofa biyu ma. Zancen najasa kuma, a mazhabar Malikiyya da muka tashi a kanta duk mai rai tsarkakakke ne har da kare da yawunsa, wanke ƙwarya sau bakwai idan ya yi lallagi a ciki bauta ce aka umarce mu da ita. Shafi'iyya da Hanbaliyya su ne suka ce najasa ne, saɓani ne sananne ba na faɗa ba. Masu sharhin Risala suna kawo labarin cewa shi kansa mai Risalar, Ibn Abi Zaid, ya ajiye kare a gidansa lokacin da katangarsa ta faɗi ana cikin tsoro, da aka ce masa ai Malik ya karhanta, sai ya ce da Malik ya riski zamaninmu da zaki zai ajiye. To mu da muke zamanin da ake kwance injin ban ruwa cikin dare fa?
Kuma hadisin mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da kare Allah ya gafarta masa yana cikin Buhari da Muslim, a nan ne Annabi SAW ya ce akwai lada a kan duk mai ɗanyar hanta. Wadda ta tsare kyanwa har ta mutu da yunwa kuma mun san makomarta. Don haka shawarar a kai shi daji a sako shi da ƙafa ruɓaɓɓiya, ita ce ya kamata a ji wa tsoro.

Kabawa_Boy:
To ni aka jefa da wannan kenan

Abu_Sumayya01:
Na gamsu da zancen gona. Amma allurar hutun fa, ba kisa ba ne?

Almajirin_Gwandu:
A Muhtasar na Halil an ambaci halaccin yanka dabbar da ba a ci idan an fid da rai da ita, don a hutar da ita. Akwai malaman da ba su tafi a kan haka ba. Shi dai ya samu malamin da ya yarda da shi ya zauna da shi ido da ido, ni ɗalibi ne.

Maman_Twins_Jega:
Ni maganar Inna ce ta tsaya min, wai daji ba ya son ƙarfe. Wallahi wannan maganar ta ci mana mutane ba kaɗan ba. Mahaifiyata ta ji ƙullutu a nono, ta ɓoye kusan shekara, da muka sani kuma dangi suka taru suka ce kar a kuskura a kai ta asibiti daji ba ya son allura, aka yi ta shafe-shafe da jiƙe-jiƙe da hayaƙi har wurin ya fashe yana wari ba mai iya zama ɗakin sai ni da ƙanwata, lokacin da muka kai ta Sakkwato likita ya ce da mun zo da wuri da an cire an huta, yanzu ya shiga ƙashin baya. Wata bakwai ta yi. Kuma sai dangin nan suka ce ai ga shi nan, da aka kai ta asibiti ta rasu. Ba asibiti ba ne, jinkiri ne. Na san zancen kare ake yi ku yi haƙuri, amma zafin daji a ƙashi na gan shi da idona, mace mai dauriya da ta haifi tara a ɗaki tana cizon matashi. In dabba ma haka take ji, malam ka cire masa.

UmmuKhairat:
Innalillahi. Allah ya jiƙan Mama ya sa ciwon ya zama kaffara. Mata don Allah mu riƙa duba kanmu, a nan Kebbi ma gidauniyar Medicaid ta Dakta Zainab Shinkafi Bagudu ta sha yin gangamin wayar da kai a kan wannan, ba a ce ba a ji ba.

Manomin_Fadama_BK:
Allah ya gafarta mata Hajiya, ya kai haske kabarinta. Na karanta wa Inna abin da kika rubuta, ta yi shiru ba ta ce komai ba.

Kabawa_Boy:
Allah ya jiƙanta. To kun ga abin da nake faɗa ai, irin su ne suka fi cancanta da kuɗin

Maman_Twins_Jega:
Ƙanena ba rashin kuɗi ya kashe ta ba, muna da shi daidai gwargwado. Kar ka ɗauki mahaifiyata ka yi hujja da ita.

Bunza_Mai_Kifi:
Ni fa karyata ta taɓa yin wannan dajin, wani tsiro ja kamar tsokar nama ya fito mata a gaba yana zubar jini, likita ya yi mata allura sau biyar duk mako ta warke sarai har ta sake haihuwa. Me zai hana a yi wa naka ita? Kar ka bari su yanke shi a banza

Dokta_Na_Dabbobi:
Malam Bunza wannan daban ne. Naka shi ne ƙarin da karnuka ke ɗauka wajen barbara, yana da yawa ƙwarai a karnukan da ke yawo sake a garuruwanmu, kuma allurar binkiristin mako-mako tana kashe shi, yawanci sau huɗu zuwa shida. Yana cikin dajin da ya fi kowane jin magani. Na ƙashi ba ya jin wannan. Kalmar daji ɗaya ce amma cututtukan da ke ƙarƙashinta sun fi a ƙirga, kamar ka ce zazzaɓi ne.

Bunza_Mai_Kifi:
Ashe. To na janye

Oga_Sharp:
Akwai masu sayen karnuka suna lodi zuwa kasuwar Dawaki ta Filato, ƙato irin wannan za su ba ka kuɗi mai kyau ko da ƙafa uku. Ka rage asara

Admin_Zaure:
Oga_Sharp wannan gargaɗi ne na farko. Mutum ya zo da damuwa.

Dokta_Na_Dabbobi:
Bar ma zancen tausayi, dabba mara lafiya da ta sha magunguna ba ta sayarwa ba ce don a ci.

Grace_Zuru:
Bari in ba ka nawa labarin don kar ka ji ɓangare ɗaya kawai. Namu karen gadi ne, shekara tara, ƙafar baya ce, irin wannan ciwon. Mun yanke. Sati biyu na farko na yi da na sani, ya ƙi cin abinci, yana ta kuka da dare, wurin ya tara ruwa sai da aka koma aka zuƙe, mijina yana ta min faɗa wai ni na matsa. Bayan nan sai ya dawo kamar an canza shi, yana bin yara har bakin titi, yana haushi, har ƙiba ya yi. Wata huɗu muka samu haka. Sai ya fara tari, numfashi sama-sama, ya daina tashi, hoto ya nuna huhun ya cika. Muka yi masa allurar. In ka tambayi mijina har gobe zai ce asara ce, an wahalar da dabba an kashe kuɗi an dawo inda aka fara. In ka tambaye ni zan ce wata huɗun nan ba ciwo ya yi su, kuma yarana sun samu lokacin yin sallama. Gida ɗaya muke ba mu daidaita ba har yau. Abin da zan ce kawai, in za ka yi, ka yi da sanin cewa ranar tana nan zuwa, kuma kai ne za ka sake yanke shawara a karo na biyu.

Manomin_Fadama_BK:
Madam Grace na gode da ba ki ɓoye min ba. Wannan na biyun shi nake tsoro.

Dan_Argungu:
Ni a ganina wanda bai yanke ba ma bai yi laifi ba, in dai bai bar shi cikin azaba ba. Ba kowa ke da halin zirga-zirgar Sakkwato ba, ga iyali ga taki ga fetur na inji. Kar zaure ya sa shi jin kamar dole ne

Dokta_Na_Dabbobi:
Haka ne. Hutar da shi da wuri ma zaɓi ne na mutunci, ba na raina wanda ya ɗauke shi. Wanda ba zaɓi ba shi ne a zuba ido.

Tela_Kamba:
Ni ban san komai kan kare ba amma lokacin da dokin kakana ya mutu tsohon ya yi kwana uku bai fita zaure ba, aka riƙa zuwa yi masa jaje kamar mutum ya rasu, ba wanda ya ce ya haukace. Don dai doki na sarauta ne kare na talaka

Sarkin_Dawa_Yauri:
Tela ka hwaɗi gaskiya. Mu mahwarauta mun san darajassu, in karen kirki yam mutu gina rami mukai mu rufe shi, ba mu yarda shi bisa juji.

Manomin_Fadama_BK:
Salam 'yan gida, kwana tara ban leƙo ba. An yi aikin shekaranjiya. Abin da ya sa na yanke shawara, na je lambu da asuba na tarar ya yi fitsari a kwance inda yake, karen da ko kusa da rumfa ba ya yi, don tashi ya gagare shi, da ya gan ni kuma ya kaɗa wutsiya. Na dawo gida na ce wa Inna zan kai shi. Ta ce ubanku da yana da rai da tuni ya kai shi, ta kwance bakin zaninta ta ba ni abin da ke ciki wai in ƙara a kuɗin mota. Na sayar da awaki biyu cikin waɗanda shi ya yi gadinsu. Yayana har yanzu ba ya min magana a kai.
Jininsa ya ɗan yi ƙasa saboda kaska da wancan maganin, sai da aka jinkirta kwana biyar ana ba shi magani. Abin da ban shirya masa ba, ashe ba guntulewa ake yi a bar dungu ba, har da allon kafaɗa suka cire, gefen ya zama sumul an aske gashin ga ɗinki dogo kamar bakin buhu. Da na gan shi sai da na fita waje na zauna gindin wata bishiya, ba zan ɓoye muku ba na yi hawaye. Daren farko bai san inda yake ba. Jiya da rana ya miƙe da kansa ya yi tsalle uku ya sha ruwa. Yau da safe ya je zai ɗaga ƙafar baya ya yi fitsari irin na maza sai ga shi a ƙasa rim, ya tashi ya kalle ni kamar ni na ture shi. Kemo kam ba ni da halinta, na faɗa musu.

UmmuKhairat:
Alhamdulillah! Wlh har na yi dariya da hawaye a zancen fitsarin. Allah ya saka wa Inna da alheri

Dokta_Na_Dabbobi:
Madalla. Barin dungu ba shi da amfani ga kare, nauyi ne kawai kuma yana gogar ƙasa ya yi gyambo, shi ya sa ake cirewa duka. Yanzu aikin naka ne. Kar ya lashi ɗinkin ko ya sosa shi da ƙafar baya, ka saka masa tsohuwar riga mai tsabta, in ba ka samu abin wuyan nan mai kamar mazurari ba ka yanke gindin bokitin roba ka zura masa, ka naɗe bakin da tsumma kar ya yanke shi. Babban abokin gabarka a zafin nan ƙuda ne, in ya samu wurin zai yi tsutsa cikin kwana kaɗan, don haka ɗaki mai iska, ka duba safe da yamma. In siminti mai santsi ne ka shimfiɗa tabarma ko buhu. Maganin zafin da suka ba ka ka cika shi ko ka ga kamar ya warke, kar ka ƙara komai daga kemis. Zare kwana 10 zuwa 14 ake cirewa. In ka ga wurin ya yi ja yana wari, ko dasashinsa ya yi fari, ko ya ƙi abinci kwana biyu, kar ka jira ka tambayi zaure, ka kira su.

Grace_Zuru:
Ka sa zani ta ƙarƙashin ƙirjinsa ka riƙe sama in zai fita, kwanakin farko kawai, ya taimake mu sosai. Kuma kar tausayi ya sa ku cika shi da abinci, mu mun yi wannan kuskuren, ƙiba ita ke kashe ƙafar da ta rage.

Manomin_Fadama_BK:
Wannan sai dai a faɗa wa Inna, tun jiya take aiko masa da romon kai

Abu_Sumayya01:
Yanzu a cikin gida yake kenan? To ya zancen mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare?

Almajirin_Gwandu:
Malam ka bari a cire zare tukuna sai mu buɗe wannan babin, akwai magana mai tsawo a kan ko hadisin ya haɗa da karen da aka yi izinin ajiyewa.

Manomin_Fadama_BK:
Yana ɗakin ajiyar buhuna ne da ke waje kusa da garken awaki, ba cikin gida ba

Kabawa_Boy:
Ni dai har yanzu awaki biyu sun fi kare mai ƙafa uku a lissafina. Amma ya jikin nasa?

Dan_Argungu:
Hhhh ka ga mutumin, ashe kana bibiya

Kabawa_Boy:
Data ce ta yi min yawa

Sabon_Shiga_Aliero:
Slm yanzu na shigo ban karanta duka ba, wai kare ake yi wa tiyata? ya halatta kuwa?

Admin_Zaure:
Hau sama ka karanta malam.

Manomin_Fadama_BK:
Da sauƙi Kabawa, na gode. Daren jiya wajen ƙarfe biyu na ji haushinsa, rabon da in ji tun kafin ƙafar ta kumbura sosai, na fito da tocila ashe jakin maƙwabta ne ya kwance. Dokta tambaya, tun da asuba yake zuwa bakin ƙofa yana kallon hanyar fadama, in na ɗora shi a amalanke ranar Juma'a na kai shi lambu ya ɗan kwanta a rumfa na dawo da shi, akwai matsala?

Dokta_Na_Dabbobi:
A'a malam, ba yanzu ba. Laka da ruwan fadama da ƙuda, ga awaki zai ce zai bi. A cire zare, a ƙara mako guda, sannan. Kuma ka tambaye su yaushe za ka dawo hoton ƙirji, ka rubuta ranar.

Manomin_Fadama_BK:
To shi kenan. Bokitin fa, na fenti ƙarami zai yi ko sai babba? Kansa ƙato ne